Yadda Za Ka Haɗa Teburin Aiki Mai Ƙafar Ƙarfe da Saman Katako a Gida

Mai sha'awar aikin hannu yakan fara da sayen injin huda da giranda, wato injin yanka da gurza ƙarfe, sai kuma ka same shi tsugune a tsakar gida yana yanka ƙarfe a kan bulo, yaro ya danne masa ɗaya gefen da ƙafa. A haka awo ba ya fita daidai, baya kuma yana ciwo. Shi ya sa nake ganin aikin da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa shi ne teburin aiki. A cikinsa za ka koyi yanka, da walda, da haɗa katako, kuma idan waldar ta fito da muni babu wanda zai ce ka ɓata masa kaya.

Teburin da za mu yi tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60, tsayinsa daga ƙasa 90. Ƙafafu da firam na ƙarfe ne, saman kuma katako. A Kano wannan haɗin ya fi dacewa, domin gara ba ta cin ƙarfe, kuma firam ɗin katako zalla yakan saki a gaɓoɓi bayan hunturu ɗaya ko biyu. Amma fa haɗin yana da sharaɗi: ƙarfe ba ruwansa da laima, katako kuwa yana kumbura da damina yana tsukewa da hunturu. Duk dabarar aikin tana wajen barin kowanne ya yi halinsa ba tare da ya lalata ɗan'uwansa ba.

Fara da katako, ko da shi ne za a ɗora a ƙarshe

Ka fara zuwa 'Yan Katako, ko ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, tun kafin ka sayi ƙarfe. Yawancin katakon da ake sayarwa a garin nan daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, kuma sau da yawa yana isowa da ɗanyensa. Yana bukatar makonni yana shan iska, kai kuma kana can kana fama da walda.

Ka nemi falanki mai kaurin inci 2, faɗin inci 6, tsawon ƙafa 12, guda uku. Maɗaci ko iroko sun fi, don suna da nauyi suna jure duka. Malaina ta fi araha kuma ba ta cika murɗewa ba, sai dai tana da taushi, guduma za ta riƙa barin tabo. Obece kam ka bar shi wa masu silin da akwati. Kada ka tsaya daga nesa kana nunawa a ɗauko maka. Ɗaga kowane falanki, ka sa ido a bakinsa ka hango tsawonsa har ƙarshe. Idan ya yi baka ko ya murɗe, mayar. Duba ko akwai ƙananan huji da gari yana zubowa, alamar ƙwaro ke nan a ciki. Idan falankai biyu iri ɗaya ne amma ɗaya ya fi nauyi sosai kuma da sanyi a tafin hannu, ruwa ne a jikinsa. Mai kaya zai ce maka, “Alhaji, wannan ai busasshe ne ƙarau.” Ka ce, “To madalla, ranka ya daɗe, amma bari in zaɓa da hannuna.” Ba faɗa ba ne.

Kada a yi maka filen, wato fere fuskar katako da injin ta yi sumul, a ranar. Kai shi gida, ka jera a inuwa, cikin soro ko gareji, a kan bulo, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Kada ka shanya shi a rana don ya yi sauri: bayansa zai bushe ya bar cikinsa, sai ya tsage. Shafa ragowar fenti a bakunan biyu, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Da hunturu wata guda zuwa biyu yakan wadatar ga wanda ya riga ya ɗan sha iska; da damina sai haƙuri. Idan kana da sikeli, riƙa auna falanki ɗaya duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya shirya.

Ƙarfe

Ƙofar Ruwa za ka nufa. Abin da kake so shi ne fayif mai kusurwa huɗu, milimita 40 a kowane gefe, wanda ake kira inci ɗaya da rabi, sanda biyu. Tsawon sanda yakan kama daga mita 5 da rabi zuwa 6, don haka tafi da tef ɗinka. Batun kauri ne mutane ke faɗawa rami. Nemi mai kaurin milimita 2, in babu, 1.5. Mai milimita 1 ya fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado: sabon hannu yana ɗora masa wuta zai huje. Idan ba ka da ma'aunin kauri, nauyi zai gaya maka gaskiya. Mai milimita 2 yana da kusan kilo 2.4 a kowace mita, wato sanda ta kai kilo 13. Mai milimita 1 rabin haka ne. Ɗauki baƙin ƙarfe, kada ka ɗauki farin nan mai rufin zinki, don hayaƙinsa a lokacin walda yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki. Madarar gwangwani da wasu masu walda ke sha bayan aiki ba ta maganin wannan.

Ka haɗa da falalen ƙarfe mai kaurin milimita 3, faɗin santimita 4, kamar mita ɗaya. Sandar walda lamba 6013 mai kaurin milimita 2.5, wadda a kasuwa ake ce wa geji 12; faifan yanka siriri guda uku ko huɗu; faifan gurza ɗaya; jan fentin hana tsatsa da fentin mai. Duba zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifan yanka, akan buga ranar da zai daina aiki a wurin. Wanda ya wuce lokaci ko ya sha ruwa yana iya tarwatsewa, giranda kuwa tana juyi wajen sau 11,000 a minti.

Ga yadda za ka yanka. Firam ɗin zai zama 110 da 50, don katako ya zarce da santimita 5 ta kowane gefe, wurin da za ka riƙa maƙala matsi, wato abin da ke danne aiki a jikin tebur. A sanda ta farko fitar da dogaye huɗu masu santimita 102, da gajeru uku masu 42. A ta biyu fitar da ƙafafu huɗu masu 86, da gajeru biyu masu 42. Gajeru sun zama biyar ke nan: biyu sama, biyu ƙasa, ɗaya a tsakiyar sama. Ja layi da sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, ka zagaye duk fuskoki huɗu na fayif ɗin, sannan ka yanka fuska-fuska kana juyawa, maimakon ka nutsa faifai sau ɗaya ya karkace. Bayan ka gama, jera 'yan'uwa wuri ɗaya ka ga ko kansu ya zo ɗaya. Bambancin milimita 2 a ƙafa shi ne tebur mai rawa. Goge bakin kowanne, ka kankare mai da tsatsa har ƙarfe ya yi fari kamar santimita 2 daga inda walda za ta zauna.

Kafin ka kunna injin

Ƙaramin injin walda na zamani, mai inbata, ya ishe ka. Idan da janareta za ka yi, ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauka ba. Nemi mai ƙarfin kVA 5 ko kusa da haka, a ajiye shi a waje inda hayaƙi ba zai shiga ɗaki ba. Wayar jawo wuta ta zama mai kauri, mai lamba 2.5 ko fiye, kuma a warware ta duka, kada a bar ta a nannaɗe tana zafi. A jikin injin za ka ga an rubuta wani kaso, misali 60%. Ma'anarsa a cikin kowane minti 10 zai yi aiki na 6 ya huta na 4 a ƙarfin wutar da aka rubuta tare da kason. A zafin Afrilu na Kano, da ake haura digiri 40, kada ka matsa masa.

Hular walda mai gilashi lamba 10 ko 11 dole ce. Baƙin tabarau na kwalliya da ake gani a fuskar wasu a bakin titi ba ya tare hasken da ke ƙona ido, kuma ciwon ba ya tashi nan take, sai cikin dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi. Sa riga mai dogon hannu ta auduga, ba ta roba ba, da safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin walda ba ne. A gida kuma akwai abin da mai shago ba ya fama da shi sosai: yara. Suna jin ƙara za su zagaye ka suna kallon wutar. Kafa kwanon rufi ko filawud ya kare, ko ka bari sai sun tafi islamiyya. A kwashe shanya, a kawar da jarkar fetur da garin katako, a ajiye bokitin yashi kusa. Kada ka cire murfin giranda don faifai ya shiga lungu. Maƙwabta ma suna da hakki, ba a kunna giranda da tsakar rana lokacin ƙailula ko bayan isha'i.

Walda: ɗigo tukuna

Sa wuta tsakanin amfiya 60 da 80, ka gwada a guntayen da suka rage. Idan sandar walda tana maƙalewa, ƙara kaɗan. Idan ƙarfe yana hujewa, rage. Maƙala wayar at, wato wayar injin ta biyu da ake kamawa a jikin aikin, a wurin da ka goge ya yi fari. Riƙe sanda a ɗan karkace, tazararta da ƙarfe kada ta wuce kaurinta, ka riƙa ja ba turawa ba. In wutar ta zauna daidai za ka ji ƙararta a jere kamar ana suyar ƙosai. Yi layi goma ko ashirin a guntu, ka ɓamɓare kashin walda, wato ɓawon da ke rufe layin, da guduma ka duba abin da ke ƙasa, kafin ka taɓa ainihin aikin.

Abin da ke karkatar da firam shi ne wannan: walda tana tsukewa idan tana hucewa, sai ta jawo ƙarfen zuwa gefen da aka yi ta. Wanda ya kama kusurwa ɗaya ya cike ta tsaf kafin ya je ta biyu, zai tarar ƙafa ta leƙa ciki, kuma ba ta dawowa sai da faifan yanka. Saboda haka duk firam ɗin da ɗigo za a fara tsayar da shi.

Nemi wuri mafi shafewa a daɓen gidan. Kwantar da ƙafafu biyu, ka sa gajere ɗaya a sama daidai da kan ƙafafun, ɗaya kuma santimita 15 daga ƙasa. Daidaita da sikwaya, ka ɗiga walda ƙarama a kusurwa ɗaya ta kowace gaɓa. Yanzu ɗauki tef ka auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ƙasan ƙafar dama, sannan ka auna akasin haka. Awon biyu dole su zo ɗaya, wajen santimita 99 da rabi. Idan ɗaya ya fi, bugi kusurwar mai tsawon da guduma a hankali. Ɗigo ɗaya yana barin gaɓa ta motsa. Sun daidaita, sai ka ƙara ɗigo na biyu a kishiyar na farko. Yi gefe na biyu haka, kuma ka ɗora shi a kan na farko ka ga sun zama tagwaye.

Sai ka tsayar da gefunan biyu a kife, kawunan ƙafafu a ƙasa, ka haɗa su da dogayen. Kifewar tana sa saman firam ya bi shafewar daɓe, wanda shi ne katako zai zauna a kai. A nan kana bukatar mai riƙe maka, shi ma da abin kare ido. Ɗiga, ka auna kusurwa zuwa kusurwa: a sama za ka samu kusan 120.8 ta kowane ɓangare, a dogon gefe kusan 139.6. Sa gajere na biyar a tsakiya. Juya teburin ya tsaya da ƙafafunsa, ka girgiza. In yana rawa, yanzu ne lokacin gyara.

Cikewa kuma a rarrabe ake yi. Yi fuska ɗaya a wannan gaɓa, ka tsallaka gaɓar da ke can kusurwar nesa, ka dawo wata, kana zagayawa, don zafi kada ya taru wuri guda. Kowane layi santimita 4 ne kawai, ba ya bukatar dogon numfashi. Inda bakin fayif ya haɗu da gefen ƙafa, karkata wutar ta fi zama a jikin ƙafar, domin yankakken baki shi ke saurin narkewa. In ya huje kada ka firgita: ɗaga hannu, bari jan ya dushe, ɓamɓare kashin, ka cike da ɗigo-ɗigo daga gefen ramin zuwa tsakiya. Gwargwadon iko riƙa juya firam ɗin yadda kullum kana walda a kwance. Ta tsaye sai hannu ya faɗa. Waldar da ke fuskar sama kaɗai za ka gurje ta shafe. Sauran ka bar su, yawan gurza don kyau yana cinye ƙarfin gaɓa.

Yanka falale huɗu masu santimita 4 ka toshe ƙasan ƙafafu, don ruwan wanke tsakar gida kada ya shiga ya ci su ta ciki.

Kunnuwan da za su riƙe katako

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan yin kuskure. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar iskar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A Agusta takan haura 70. Katako yana bin wannan, kuma ta faɗi yake motsi, ta tsawo kusan babu. Saman tebur mai faɗin santimita 60 yana iya ƙaruwa ko raguwa da rabin santimita zuwa santimita guda tsakanin lokutan biyu. Idan ka huda fayif ka ɗaure shi tam da noti ta kowane gefe, ƙarfe ba zai ba da kai ba. Da rani katakon zai tsage a tsakiya ko ya buɗe a layin gam, da damina ya yi tozo.

Maganin shi ne kunnuwa masu dogon rami. Yanka falale guda tara, kowanne santimita 5. Uku ka huda musu rami zagayayye na milimita 6. Shida kuma ka huda ramuka biyu kusa da juna, ka haɗe su da magagari su zama rami ɗaya mai tsawon kamar milimita 15. Masu zagayayyen rami ka yi waldarsu a tsakiyar gajerun sama guda uku. Su ne za su riƙe katako a layin tsakiya kada ya goce. Masu dogon rami kuma uku-uku a cikin dogayen sama, ramin yana kallon faɗin tebur, wato daga gaba zuwa baya. Duk su zauna daidai da saman firam ko ƙasa da shi kaɗan.

Daga nan goge firam da buroshin waya, share da tina, ruwan tsinka fenti, shafa jan fenti, washegari ka bi da fentin mai hannu biyu. Kada ka tsallake fuskar sama don katako zai rufe ta. Ɗanyen ƙarfe idan ya haɗu da laima yana baƙanta katako. Da hunturu yi fenti a rufaffen wuri mai iska, in ba haka ba ƙura za ta manne.

Haɗa saman

Mayar da falankan wurin masu injin a yi musu filen fuska biyu su dawo santimita 4, a miƙe gefunansu. Yanka guda shida masu santimita 125, kana zubar da tsagaggun bakuna, ka zaɓi biyar mafi kyau. Dubi bakin kowanne za ka ga layukan shekarun itacen sun yi baka. Jera su ɗaya bakan na kallon sama, na kusa da shi na kallon ƙasa, ta yadda in za su lanƙwashe ba za su taru su yi gefe ɗaya ba. Haɗa su a bushe tukuna ka duba tsakani. Inda haske ke ratsawa gam ba zai cike ba, sai an sake miƙe gefen.

Farin gam na kafintoci ya isa. In ba ka da dogayen matsi, ba sai ka saya ba. Ɗauki sandunan katako uku masu ƙarfi, tsawon santimita 85, ka ɗaure guntun katako da sukuru a kowane ƙarshe, tazarar ta ɗara faɗin saman da kamar santimita 3. Shimfiɗa leda a kansu, jera falankan da gam a gefuna, sannan ka buga 'yan katako masu tsini biyu-biyu suna fuskantar juna a ratar da ta rage. Suna shiga suna matsewa, har ka ga gam ya fito a jere kamar zare. Ɗora bulo a sama kada su tashi. Da hunturu gam yana fara kamewa cikin 'yan mintuna, don haka shirya komai kafin ka buɗe roba, ko ka haɗa uku yau, ka ƙara biyu gobe. Goge wanda ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi kwana guda.

Yanke shi ya dawo 120 da 60, ka rage daga gefuna biyu daidai. Bi da samfefa lamba 80, sannan 120. Teburin aiki ba ya bukatar fiye da haka, santsi ma yana sa kaya zamewa. Rufe hanci da baki, musamman in iroko ne, garinsa yana sa tari da ƙaiƙayi. Kashe kaifin gefuna kaɗan. Shafa banish ko man katako, kuma hannu nawa ka yi a sama, yi daidai da shi a ƙasa da bakuna. Fuskar da aka bari tsirara ta fi shan laima, sai saman ya lanƙwashe. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi bai dace da inda hannu ke taɓawa kullum ba. Tsumman da ya sha man katako irin na linsid kuma kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. Baza shi a waje ya bushe.

Ɗorawa

Kife saman a kan tabarma, ka kife firam a kansa, santimita 5 ta kowane gefe. Yi amfani da sukuru mai kaurin milimita 5, tsawon 30, da washa. Fara huda ƙaramin rami na milimita 3, ka naɗa salatif a bakin huda don kada ka ɓulla ta sama. Na tsakiya uku ɗaure su tam. Na dogon rami kuwa inda za ka sa sukurun ya danganta da lokacin da kake ciki. In hunturu ne ko bazara, katako a tsuke yake, zai kumbura nan gaba, sai ka sa sukurun ta ƙarshen ramin da ke kusa da tsakiyar tebur. In tsakiyar damina ce, sa shi ta ƙarshen waje. Ɗaure har washa ta kama, sannan ka sassauta da kwatan juyi.

Dogayen ƙasa za su ɗauki shiryayye: yanka filawud mai milimita 18, ka fitar da kusurwoyin ƙafafu, ka ɗora. Injin walda da akwatin kayan aiki su zauna a nan, nauyinsu yana ƙara wa teburin zama. Idan za ka kafa bayis, wato matsin ƙarfe da ke riƙe abin da ake aiki a kai, sa shi a saman ƙafa ɗaya, inda duka zai sauka kai tsaye ƙasa, da noti mai ratsa katako, ba sukuru ba. Walda kuma ba a yin ta a kan katakon. Nemi farantin ƙarfe mai milimita 3, ka ɗora shi a kan guntayen fayif ɗin da suka rage don iska ta shiga tsakani, ka sauke in ka gama.

Bayan damina ta farko, leƙa ƙarƙashi da tocila. Za ka ga washa ta goge fenti a inda ta zame, wannan alamar ramukan suna aiki ne. Wadda ta kai ƙarshen rami ta tokare, kwance sukurun ka ƙara wa ramin tsawo da magagari, ka taɓa wurin da fenti, ka mayar.